Labarin 'Yan Sikawut Da Fitarsu Daji A Ƙasar Garwa

'Yan'uwa da yawa sun saba ganin yaran nan masu ɗaura ƙyalle a wuya, suna tafe a jere da sanduna da gorunan ruwa, sun nufi bayan gari. Waɗansu iyaye suna tsammani aikin soja ake koya musu, waɗansu kuwa suna cewa yawon banza ne. To, bari mu ba da labarin asalin abin, da yadda ya iso bakin Binuwai, domin kowa ya auna da kansa.

Wanda ya ƙago shi wani hafsan sojan Ingila ne, sunansa Baden-Powell. Ya yi aiki a Indiya da Afirka, har ya je ƙasar Asante cikin 1895. Amma inda ya yi suna shi ne Mafeking, can Afirka ta Kudu, inda abokan gaba suka kewaye shi kwana 217, daga 1899 zuwa 1900. Da ya koma gida sai ya tarar yaran manyan birane sun tashi ba su san daji ba, ba su iya hura wuta ba, ba su san gabas da yamma ba sai an nuna musu. Akwai wani dattijo mai suna William Smith, shi ne ya kafa Boys' Brigade a Glasgow cikin 1883, wadda 'yan'uwanmu na Nijeriya suka sani sarai. Shi ya ba Baden-Powell shawara ya sake rubuta littafinsa na koya wa soja bin sawu, ya mai da shi na yara. Cikin watan Agusta 1907 Baden-Powell ya kwashi yara ashirin, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya kai su wani tsibiri da ake kira Brownsea, suka yi zango wajen mako guda. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, kowane kuma yaro ne shugabansa. Littafin ya fito cikin 1908.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar kaka. Masu bi na Faransa suka kafa tasu ƙungiya cikin 1911, 'yan Katolika kuma cikin 1920. Nijeriya ta samu cikin 1915, Kamaru kuwa sai 1937, lokacin Faransawa suna mulkin yawancin ƙasar. Bayan samun mulkin kai a 1960, babbar ƙungiyar Sikawut ta duniya ta karɓi ta Kamaru cikin 1971. A arewa abin ya bi sawun makaranta ne, gama ba a yin sikawut sai da malami ko wani babba mai karatu da zai tsaya a kai. Makarantu kuwa sun yi jinkiri wajenmu. Sai cikin 1923 aka ba 'yan mishan na Lutheran Brethren daga Amurka izinin yin aiki, mutanen Norway kuma suka sauka Ngaundare cikin 1925.

Ga wani abin mamaki. An rubuta littafin nan domin yaran da daji ya ɓace musu, sai ga shi ya iso wurin yaran da aka haifa a cikinsa. Dokar Ingila ta dā ta ce yaro ba zai ci gaba ba sai ya hura wuta da ashana biyu tak. Me wannan zai koya wa ɗan Fulani da ya yi kiwo tun yana shekara bakwai? Ko ɗan Fali na duwatsun Tingilin, arewa da Garwa, wanda hawan dutse ya zame masa kamar shiga ɗaki? Yaranmu sun san sawun kura da na dila, sun san tuƙa igiya da ɓawon kuka ko rama, sun san inda za a tona yashin rafi da rani a sami ruwa. A wannan fanni, malamin da ya yi wayo shi ne wanda ya yi shiru ya bar yara su koya masa.

Abin da sikawut ya kawo mana sabo, a ganinmu, shi ne ƙaramin rukunin nan na yara shida zuwa takwas. A gida, yaro ba ya ba da umarni, sai dai a aike shi. A zango kuwa ana ɗora wa ɗan shekara goma sha huɗu nauyin 'yan'uwansa. Shi zai raba aiki, wannan itace, wannan ruwa, wannan tukunya, wannan haƙa shadda nesa da inda ake ɗibar ruwa. In tuwo ya yi gudaji, ko gari ya ƙare kafin ranar komawa, shi za a tambaya. Garwa kuma gari ne na taron kabilu, ga Fulani, ga Hausawa, ga Fali da Mundang da Tupuri da mutanen kudu. Yaran da iyayensu ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba, sai ga su sun kwana tanti ɗaya, suna fira da Fulatanci da Faransanci. Ba mu ce wannan ya kawar da dukan ƙyama ba, amma da wuya mutum ya rena wanda ya taɓa ɗaukarsa a baya ranar da ƙaya ta soke shi.

Sa'an nan akwai aikin takarda, wato karanta taswira, da riƙe kamfas, da rubuta labarin tafiya. Babbar jarrabawa ta dā ita ce tafiyar mil 14, yaro ya kwana a daji, ya komo da rahoto da zanen hanyar da ya bi. Littattafan Turawa suna cewa a nemi arewa ta wurin tauraron nan da ba ya gusawa. A Garwa kuwa tauraron yana can ƙasa ƙasa, kusa da bakin sama, da hunturu ma hazo yakan rufe shi ɗungum. Saboda haka ya fi kyau yaro ya san fitowar rana da faɗuwarta, ya kuma lura da iskar hunturu, wadda takan taso daga arewa maso gabas. Akwai kuma alamun hanya da ake yi da tsakuwa ko kara. Da'ira da ɗigo a tsakiya, ma'anarta mai alamar ya koma gida, ita ce kuwa aka zana a kabarin Baden-Powell a Nyeri ta ƙasar Kenya, inda ya rasu cikin 1941.

Lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Cikin Maris da Afrilu zafi yakan wuce awo 40, wanda duk ya fita da yara tsakar rana a lokacin nan ba jarumi ba ne. Kogin ma ba abin wasa ba ne. Akwai dorina, ruwan kwance kuma yana ba da tsargiya. Tun da aka gama madatsar Lagdo cikin 1982, ruwa yana iya ƙaruwa ba tare da an ga hadari ba, in an buɗe ƙofofi. Ba a kafa tanti a kan yashin tsakiyar kogi, kome kyaunsa.

Amma inda muke so iyaye da shugabanni su kasa kunne ƙwarai shi ne batun maciji. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne. Ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yakan ga kamar ya sami sauƙi, daga baya jini ya soma fita ta dasashi da sauran wurare. Tsofaffin littattafai sun koya wa yara su ɗaure ƙafa tam da igiya, su tsaga wurin, su tsotse. Da yawa kuma sun dogara ga baƙin dutsen nan da ake mannawa a bakin ciwo. Yanzu likitoci sun tabbatar ɗaurin nan yana lalata ƙafa, tsagawa tana ƙara zubar jini, dutsen kuma ba ya fitar da dafi. Abin da ya kamata rukuni ya iya shi ne kwantar da wanda aka sara, a cire masa duk abin da ya matse shi, a hana ƙafar motsi, a haɗa gadon ɗauka da sanduna biyu da riguna, a kai shi asibitin da ke da allurar dafi ba tare da ɓata lokaci ba. A nan ne ƙulle-ƙullen igiyar da ake yi wa dariya suke nuna amfaninsu. Kowane yaro kuma ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe tocila da dare.

Zamani ya juya. A ƙidayar 1976 mutanen Garwa wajen 64,000 ne, a ta 2005 sun wuce 235,000. Yaro yana iya tashi a cikin gari bai taɓa ganin dorina ba, bai san giginya da goriba ba, alhali ga gandun dajin Binuwai kudu da shi, wanda aka keɓe tun 1932, ga kuma makarantar koyon kula da namun daji a cikin garin tun 1970, inda ɗalibai suke zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Wato jikokinmu sun zama irin yaran da aka rubuta littafin dominsu da fari.

Sai dai daidai lokacin da suka fi bukatar daji, sai dajin ya yi wuyar shiga. Tun daga 2013, da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza, hanyoyin can arewa da na duwatsun Mandara suka zama abin tsoro, masu satar mutane don kuɗi kuma suka addabi ƙauyuka da rugage. Uban da ya hana ɗansa kwana a waje ba za mu ga laifinsa ba. Amma yawancin abin da muka ambata ana iya koyonsa kusa da gida, a gonar wani ɗan'uwa ko gindin dutsen da ke bayan gari. A sanar da mai unguwa, manya biyu su raka yara, a fita da asuba, a komo kafin faɗuwar rana.