Bayani kan kare faifan kwamfuta daga rugugin lasifika a mota

A garuruwan bakin iyaka irin su Dole Kaina da Kamba da Bagudo a jihar Kebbi, mota mai ɗauke da manyan lasifikoki ba baƙon abu ba ce, walau ta masu tallar magani ranar kasuwa, ko ta masu sanarwar wa'azi, ko ta 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe.

Wasu daga cikin irin waɗannan motoci kan ɗauki kwamfuta mai cike da karatu da waƙoƙi da sanarwa. Haka zalika wasu motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kan zo da faifan ajiya a cikin rediyonsu.

Mutane da dama na tsoron cewa maganaɗisun lasifika zai goge abin da ke cikin faifan. To sai dai babban haɗarin yana ga girgiza da zafi da kuma rawar wutar lantarki.

Wace kwamfuta ake nufi?

Na'urar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, wadda ke sarrafa mai da wutar inji, ba ta da faifai mai juyawa, don haka wannan bayani bai shafe ta ba.

Faifan da ake magana a kai shi ne wanda masu gyara ke kira had-dis. Ana samunsa a tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, da akwatunan ajiya da ake jonawa da kebul, da na'urorin naɗar hoton bidiyo, da kuma na'urorin nuna hanya da ajiye kiɗa na wasu motoci.

A Burtaniya an fara sayar da rediyon mota mai faifai, mai suna Empeg, a shekarar 1999. Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma kamfanoni irin su Chrysler da Lexus da Infiniti suka riƙa sanya faifan a wasu motocinsu tun daga masana'anta.

Yaya faifan ke aiki?

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da faifan farko a shekarar 1956. A cikin na yanzu akwai faranti ɗaya ko fiye, da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda.

Wani siririn hannu ne ke yawo a saman farantin, ɗauke da kan da ke karantawa da rubutawa. Wannan kai ba ya taɓa farantin, iskar da juyawar ke haifarwa ce ke ɗauke da shi. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ta yadda silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai.

Idan girgiza ta kawar da kan daga layinsa, sai faifan ya dakata ya sake nema, abin da ke sa kiɗa ya yanke ko kwamfuta ta tsaya cik. Idan kuwa ta yi tsanani, kan na iya dukan farantin ya kankare shi, kuma abin da ke wurin ya tafi ke nan.

Shin maganaɗisun lasifika na iya goge faifan?

Da wuya ƙwarai. A cikin faifan kansa akwai maganaɗisu mai ƙarfi, wanda ke motsa hannun karatu, kuma dabarar motsa shi ita ce dai dabarar da ke motsa lasifika.

Ƙarfin maganaɗisu kuma yana raguwa da sauri da zarar an ɗan matsa daga gare shi. Hukumomin da ke son shafe faifai baki ɗaya sai sun yi amfani da wata na'ura ta musamman mai ƙarfin gaske.

Wannan tsoro ya samo asali ne daga zamanin kaset da bidiyo, waɗanda maganaɗisu ke iya lalata su da gaske. Duk da haka, babu hikima a ɗora faifai kai tsaye a bayan lasifika.

Ashe sauti kaɗai na iya yin ɓarna?

Ƙwarai kuwa. A shekarar 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya nuna a bidiyo yadda ihu a gaban jerin faifai ke rage musu saurin aiki nan take.

A watan Satumban 2016 ayyukan bankin ING a Romaniya sun tsaya na kimanin sa'o'i 10, bayan ƙarar iskar gas ta kashe gobara, da aka saki lokacin gwaji, ta lalata faifai a cibiyar bayanansa da ke Bukares. Makamancin haka ya faru a Suwidin a watan Afrilun 2018, inda aka jinkirta buɗe kasuwannin hannun jari na Nasdaq a yankin.

A shekarar 2022 kuma wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya ba da labarin yadda wata waƙar Janet Jackson ta 1989 ta riƙa tsayar da wasu tsofaffin kwamfutoci, saboda wani amo da ke cikinta ya dace da amon da ke kaɗa faifansu.

Babbar lasifika mai rugugi, wadda ake kira wufa, tana kaɗawa ne sau 20 zuwa kimanin 200 a daƙiƙa guda. Wannan rugugi yana bin ƙarfen mota da katakon akwatin lasifikar, ya isa ga duk abin da aka ɗaure a jikinsu.

Me yanayin yankin ke ƙarawa?

Akasarin faifan kwamfuta an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Selsiyos ba. A Kebbi zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan zarce 60.

Faifan da aka ƙera domin mota musamman, kamar waɗanda Toshiba ya yi, sun fi juriyar zafi da girgiza. Amma wanda ya zo cikin motar 2008, alal misali, ya riga ya tsufa.

Sai kuma ramuka da gargadar hanyoyin burji, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta. Akwai kuma batun wuta: na'urar ƙara sauti tana zuƙar wuta mai yawa duk lokacin da rugugi ya buga, kuma idan batir ya yi rauni faifan na iya ɗaukewa yana tsakiyar rubutu.

Waɗanne matakai ya kamata a ɗauka?

A nisanta faifan daga wufa. Idan tana cikin but, kwamfutar ta kasance a gaba, kuma kada a ɗaure su a kan katako ko ƙarfe guda.

A ɗora shi a kan roba mai kauri ko soso mai tauri, a kuma ɗaure shi yadda ba zai yi tsalle ba. Faifan da aka bari sakaka a kan kujera ya fi fuskantar haɗari a ramin hanya.

A ja wa kwamfutar wayarta daban daga batir, tare da fis, ba a haɗa ta da wayar na'urar ƙara sauti ba. A tayar da inji kafin a kunna ta, a kuma kashe ta yadda ya kamata kafin a kashe mota.

Idan mota ta daɗe a rana, a buɗe tagogi ta sha iska tukuna. Kada a toshe ƙaramar kafar numfashi da ke jikin faifan, kada kuma a buɗe murfinsa, domin ƙwayar ƙura guda ta isa ta kankare farantin.

Akwai mafita ta dindindin?

Mafi sauƙi ita ce a maye gurbin faifan da ma'ajiyar SSD, ko filashi, ko katin memori, domin babu wani abu mai juyawa a cikinsu. Sababbin motoci da kwamfutoci ma a kansu suka koma.

Sai dai su ma zafi da ɗaukewar wuta na iya yi musu illa, kuma sukan mutu ba tare da gargaɗi ba. Akwai kuma jabun kati da filashi a kasuwa, masu nuna girman da ba su kai ba.

Saboda haka duk abin da ke da muhimmanci, kamar karatun malamai da aka naɗa ko lissafin kasuwanci, a ajiye kwafinsa a gida. Idan kuma faifai ya fara ƙas-ƙas ko yawan tsayawa, a daina kunna kiɗa a kusa da shi, a kwashe abin da ke ciki tun yana buɗewa. Idan ya ƙi buɗewa, a kashe shi a kai wa ƙwararre, domin kowane sake kunnawa na iya ƙara ɓarnar.