Algaitar Yola da Kwamfutar Jimeta

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura maki 40, matashin da ke ɗaukar waƙa a ɗakinsa a unguwar Jambutu ko Luggere cikin Jimeta dole ya kashe fanka kafin ya buɗe baki, don makirfo ba ya zaɓe, duk ƙarar da ya ji sai ya kwashe. Zai jingina katifa a bango, ya toshe taga da bargo, ya jira dare ya raba, masu Keke Napep su ɗauke ƙafa, janareton maƙwabci ya yi shiru. Jarinsa kwamfuta ɗaya ce mai manhajar FL Studio. Shi ne mawaƙi, shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshin kansa.

Magabatansa a wannan sana'a ba su san zaman kaɗaici irin wannan ba. Tun da Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, kiɗa a fadar Fombina, wato masarautarsa, aikin ƙungiya ne, kuma aikin gado. Mai algaita da mai kakaki da masu ganga suna da ubangida, shi ke ci da su, shi ke tufatar da su, su kuma su raya sunansa da na kakanninsa. Fulani na kiran irin waɗannan maroƙa wambaaɓe. A zaurukan malamai kuwa ana rera waƙoƙin addini na Fulatanci da aka rubuta da ajami, ba kiɗa. A ruga makiyayi na busa sarewa, Bwatiye na Numan da Demsa na da kiɗan bukukuwansu, Chamba na wajen Ganye na da busarsu ta lera. In ban da waƙoƙin malamai da ke kan takarda, sauran duk a ka ake riƙe su. Tsoho ya mutu bai koyar ba, an yi asara ke nan.

Jimeta ce ta sauya lissafi. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, harkar mulki da ciniki ta karkata can, bakin kogin Binuwai, inda jiragen ruwa ke zuwa da damina su yi lodin gyaɗa da auduga. Garin ya cika da baƙi: Hausawa, Barebari, Yarbawa, Ibo. Makaɗi a nan ba sai ya jira kyautar basarake ba. Akwai mahauta masu son kalangu, akwai gidajen biki, akwai masu sauraron goge da dare, kowa da ɗan abin liƙinsa.

Sai rediyo ya zo. Mutanen Yola sun daɗe suna kama Kaduna, suna kuma kama Garwa, wadda iyakar Turawa ta jefa cikin Kamaru alhali da can ƙarƙashin Lamiɗon Yola take. Ta wannan ɓangaren ne muryoyin Fulatanci na zamani irin su Ali Baba da Isnebo suka shigo. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 ta samu gidan rediyonta a Yola, wanda ya koma ABC bayan an yi Jihar Adamawa a 1991.

Amma in ana neman asalin ɗaukar waƙa a gida, wajen kaset za a duba. Rikoda mai batir da wani ya ajiye gaban makaɗi a gidan biki, ya danna jan maɓalli, ita ce situdiyon farko na talaka. Sautin na fitowa da guɗar mata da kukan yara, duk da haka ya tsare muryoyin da ba wani kamfani da ya taɓa nema. Masu shagunan kaset a kasuwa suna kwafar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suna sayarwa, su ci riba, mai waƙar ya tashi da suna kawai. Kaset kuma ba ya shiri da zafi da ƙura, Yola kuwa tana da su duka biyu.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 finafinan Kano suka kawo fiyanon Yamaha, waƙar fim ɗin Sangaya ta game Arewa, mutum ɗaya ya fara yin aikin makaɗa goma. Daga nan sai wayar hannu da masu tura waƙa a memori, yau kuma YouTube da Audiomack da TikTok, ga tashoshin gida irin su Rediyo Gotel da Fombina FM.

Ba a raina abin da matashin Jimeta ya samu ba. Ba ya durƙusa wa kowa, yana iya haɗa Hausa da Fulatanci a baiti guda, a ji shi har Marwa ta Kamaru kafin gari ya waye. Abin da ke da ciwo shi ne sautin da ya bari a baya. Mai algaita kan cika kumatu da iska, yana shaƙa ta hanci yana busawa a lokaci guda, sautin ba ya yankewa, kuma kowane take da wanda ake yi wa shi. Wannan ilimi ne na shekaru, babu shi a cikin manhaja, ga shi masu shi suna tsufa.

Suna nan dai. Ranar hawan Sallah, in Lamiɗo Muhammadu Barkindo Aliyu Mustafa, wanda ya hau gadon mahaifinsa a 2010, ya fito, algaita na gabansa, ɗaruruwan wayoyi na sama suna ɗauka, busar na cakuɗe da sukuwar dawakai da ihun jama'a. Daga ɗakin nan mai katifa a bango zuwa ƙofar fada kuwa, tafiyar Keke ce ta ƙasa da awa guda, makirfon kuma yana shiga jaka.