Harshe da Baki: Yadda Hausa Ta Raba Aikin Magana

Kalmar harshe tana ɗauke da ma'ana biyu manya: tsokar da ke cikin baki, da kuma maganar da wata al'umma ta gada, kamar Hausa ko Fulatanci. A Kano ana cewa harshe, a Sakkwato kuwa halshe, jam'in da ya fi yawo shi ne harsuna. Wannan tagwayen ma'ana ba Hausa kaɗai ke da ita ba. Lisan na Larabci haka yake, shi ya sa Ibn Manzur ya raɗa wa babban ƙamusunsa suna Lisanul Arab. Kalmar tongue ta Ingilishi ma haka take, sai dai Turawan Ingila sun jibga mata salon magana da dama da suka shafi surutu, tsiwa da riƙe sirri. A nan Hausa ta bi tata hanyar, domin ta raba kayan gida biyu: harshe ya ɗauki siffar magana, baki ya ɗauki nauyinta da abin da take jawowa.

Abin da ya fi sauƙin gani shi ne aron siffa. Duk abin da ya yi tsini yana lilo ana iya kiransa harshe. Idan aka cinna wa daji wuta da kaka a gefen Falgore, abin da ke tashi sama yana lasar ganye harshen wuta ne. Damo kuwa harshensa a rabe yake biyu, don haka zancen da za a iya fassara shi ta fuska biyu ya zama magana mai harshen damo. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya ƙura wa damo ido sosai.

Sai sarrafa murya. Yaro ba ya ɗaga wa babba harshe, mai neman sulhu yakan tausasa harshe, mai faɗa a ji ciwo an ce yana da kaifin harshe. Wanda ya yi niyyar wata kalma wata ta fito ya yi tuntuɓen harshe. Bambancin Kananci da Katsinanci karin harshe ne. A kasuwa irin ta Kwanar Ɗangora, Bafulatani na cikin cinikin sa da dillali da Hausa, sai ya waiga ga ɗan'uwansa ya juya harshe, su daidaita kan farashi ba tare da mai saye ya ji ba. A duk waɗannan, abin da ake nufi shi ne yadda aka faɗa, ba abin da faɗar ta haifar ba.

Da zarar magana ta zama aiki, sai baki ya karɓa. Dattijo yana sa baki a rikicin gona, 'yan kasuwa suna haɗa baki, mayaudari yana da zaƙin baki, munafuki baki biyu gare shi. Ana tsoron bakin uwa, ba harshenta ba. Inda Bature zai umarci mutum ya riƙe harshensa, Bahaushe cewa yake kama bakinka, kuma karin maganar gargaɗi ta ce baki shi ke yanka wuya. Ko a sanannen karin nan na saɓani tsakanin harshe da haƙori, harshe tsoka ce kawai mai zaman makwabtaka, ba mai laifi ba. Mai fassarar da ya mayar da kowane tongue harshe zai fitar da Hausar da ake ganewa, amma ba wadda ake yi a Kiru ko Bebeji ba.

Akwai inda wannan rabo bai tsaya daidai ba, kuma wuraren suna da tarihi. Kiyaye harshe, a ma'anar barin gulma da ƙarya, ya fi fitowa daga bakin malamai a wurin wa'azi da tafsiri, kuma inuwar lisan a fili take a cikinsa. Harshen uwa kuwa ɗan makarantar boko ne, an ɗinka shi a kan ƙirar Ingilishi, ya kuma samu gindin zama bayan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da shi ko da harshen yankinsu. Aron yana da ɗan gyara, domin a ƙasar Hausa asali ta wajen uba ake lissafa shi, kuma yaron da uwarsa Bafulatana ce yakan tashi da Hausar unguwa.

Kudancin Kano ya ƙara fito da wata matsala, wato zaman harshe da yare. A Doguwa da Tudun Wada, inda jihar ta kusanci Kaduna da Bauchi, akwai Kurama da Fulani tare da Hausawa, kuma haƙar kuza a Riruwai ta daɗe da tara baƙi. A maganar yau da kullum ba a cika kiran Hausa ko Larabci yare ba. An fi ajiye kalmar ga maganar da Bahaushe ba ya ji, har a ce wane yana yare. Kalmar tana auna matsayi ne, ba tsarin nahawu ba. Masana sun kauce wa wannan ta hanyar ɗaukar harshe a matsayin suna na kowa, kamar yadda aka gani a sunan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A rubutun ilimi Kuramanci harshe ne daidai da Hausa, ko da a bakin kasuwar Tudun Wada ana ci gaba da kiransa yare.