Gidajen taliyar Lanzhou: Inda iyali da abokai ke cin halal a ƙasar Sin

Da wuya baƙo ya ratsa wani babban birni a ƙasar Sin bai ci karo da wani ƙaramin gidan abinci mai koren allo a bakin ƙofa ba, inda zai hango wani saurayi da farar hula yana jan kwaɓin fulawa da hannuwansa biyu har ya zama siraran taliya.

Waɗannan su ne gidajen da ake kira Lanzhou Lamian, wato taliyar Lanzhou da ake ja da hannu. Akasarin masu su Musulmi ne, kuma abincinsu na cikin mafiya araha a ƙasar.

A nan ne ma'aikata da ɗalibai da magidanta da iyalansu kan zauna su ci su ƙoshi ba tare da sun kashe kuɗi mai yawa ba. A nan ne kuma ɗan kasuwa Musulmi da ya je saro kaya daga Kano ko Maraɗi yake samun abin da zai ci hankalinsa kwance, a ƙasar da naman alade ya fi kowane nama shiga tukunya.

Su wane ne Musulmin Sin

Gwamnatin Sin ta amince da ƙabilu 56 a hukumance, kuma goma daga cikinsu mabiya addinin Musulunci ne. Biyu mafiya girma su ne Uygur da Hui, waɗanda ƙidayar jama'a ta shekara ta 2020 ta nuna cewa kowaccensu ta haura mutum miliyan 11.

'Yan Uygur na zaune ne galibi a jihar Xinjiang, kuma harshensu dangin Turkanci ne. Su kuwa 'yan Hui Sinanci suke yi, kuma sun bazu a duk faɗin ƙasar, ko da yake sun fi yawa a arewa maso yamma, wato a Ningxia da Gansu da Qinghai.

Musulunci ya isa Sin ne tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekara ta 618 zuwa ta 907, ta hannun fataken Larabawa da Farisawa da suka bi Hanyar Siliki, da kuma waɗanda suka biyo teku zuwa tashoshi irin su Guangzhou.

Kalmar da Musulmin Sin ke kiran halal da ita ita ce qingzhen, wadda ake rubutawa da haruffa biyu kamar haka: 清真. Ma'anarta tsarki da gaskiya. Da ita ake kiran masallaci ma, wato qingzhensi.

Asalin taliyar

Lanzhou shi ne babban birnin lardin Gansu, kuma Rawayen Kogi ya ratsa ta tsakiyarsa. Ruwayar da ta fi shahara ta ce wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi ne ya fara sayar da taliyar a irin siffar da aka santa a yau, a shekara ta 1915.

An ce a gida yake dafawa, sa'annan ya rataya kayan a sanda bisa kafaɗa ya shiga gari yana talla. Daga bisani ya buɗe shago, inda ya yi suna wajen romon naman sa mai haske, wanda ake iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Akwai kuma wata ruwayar da ke kai asalin romon can baya, zuwa zamanin daular Qing.

Mutanen Lanzhou na auna ingancin kwano ɗaya da abubuwa biyar. Romo ya yi garau. Yankan wani farin kayan lambu mai kama da karas ya yi fari tas. Man barkono ya yi ja. Ganyen tafarnuwa da ganyen ƙamshi su yi kore shar. Ita kuma taliyar ta yi rawaya-rawaya.

A shekara ta 2021 hukumomin Sin suka sanya fasahar haɗa wannan taliya cikin jerin al'adun gargajiya da ƙasar ke karewa.

Yadda ake haɗa ta

Aikin romo tun da asuba ake fara shi, ko ma tun cikin dare. Ana dafa nama da ƙasusuwan sa na tsawon sa'o'i tare da citta da sauran kayan ƙamshi, ana yaɗe kumfar da ta taso. Kowane gida na da nasa haɗin, kuma ba kasafai ake faɗa wa bare ba.

Shi kuwa kwaɓin, garin alkama ne da ruwa da gishiri, sai wani sinadari da ake kira penghui, wanda a gargajiyance ake samu daga tokar wata ciyawar daji. Aikinsa ya yi kusa da na kanwa ko ruwan toka a girkin Hausa, domin shi ke sa kwaɓin ya yi danƙo ya miƙe ba tare da ya tsinke ba.

Mai jan taliya kan miƙar da kwaɓin iya tsawon hannuwansa, ya ninka, ya sake miƙarwa. Kowane ninki na ruɓanya yawan zaren, ta yadda ninki bakwai kan ba da zare 128. Duk wannan ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a hannun gwani.

Mai saye ne ke zaɓen kaurin da yake so. Akwai siririya kamar gashi, akwai matsakaiciya, akwai mai faɗin ganyen albasa, akwai kuma mai faɗi kamar ɗamara. Saboda haka iyali guda kan zauna a tebur ɗaya, romo iri ɗaya, amma kowa da irin taliyarsa.

A birnin Lanzhou kansa abincin karin kumallo ne. Gidajen kan buɗe da sassafe, masu sha'awa kan yi sammako domin su sami romon tukunyar farko, kuma da dama daga cikin tsofaffin gidajen kan rufe da rana idan romo ya ƙare. Wanda ke da hali kan ƙara da farantin yankakken nama da dafaffen ƙwai.

Masu gidajen

Wani abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mai yawa na gidajen da ke ɗauke da sunan Lanzhou a biranen gabashi da kudancin Sin ba mutanen Lanzhou ne ke da su ba. Mutanen lardin Qinghai ne mai maƙwabtaka, musamman gundumar Hualong.

Hualong yanki ne mai duwatsu da ƙarancin ruwan sama, wanda ya daɗe yana fama da talauci. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 mutanensa suka fara fita zuwa biranen gaɓar teku irin su Xiamen suna buɗe ƙananan shaguna. Daga baya hukumomin yankin suka shiga tallafa masu da horo da rance.

Sana'ar ta iyali ce. Maigida na karɓar kuɗi, uwargida na kula da madafa, ɗa ko ƙane na jan taliya. Yaron da ya zo daga ƙauye kan fara da wanke kwanuka, ya koyi kwaɓi, ya koyi ja, bayan 'yan shekaru kuma dangi su haɗa masa jari ya buɗe nasa a wani garin.

Wannan ya haifar da 'yar gasa tsakanin lardunan biyu. Mutanen Lanzhou kan ce a garinsu ba a ma kiran abincin Lanzhou Lamian, taliyar naman sa kurum ake cewa, kuma wadda ake sayarwa a waje ba ta kai tasu ba.

Idan an zo a ƙungiya

Kwanon taliya na mutum ɗaya ne. Amma idan iyali ko abokai suka taru da yamma, al'adar Sinawa ita ce a yi odar abinci iri-iri a jera a tsakiyar tebur, kowa ya riƙa ɗiba yana zubawa a ƙaramin kwanonsa. A gidajen da suka ɗan fi girma teburin zagayayye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya.

Daga cikin abin da ake ci tare akwai dapanji, wato babban farantin kaza, wanda ya samo asali daga Xinjiang. Kaza ce da dankalin turawa da tattasai da barkono, kuma idan an ci rabi sai a kawo faffaɗar taliya a juye cikin miyar da ta rage.

Akwai tsiren rago da ake gasawa a kan gawayi, wanda duk Bahaushe zai gane shi da gani ɗaya. A birnin Xi'an kuma akwai yangrou paomo, inda ake ba mutum gurasa mai tauri da kwano, ya zauna yana gutsuttsura ta ƙanana-ƙanana da hannunsa yana hira da abokansa, kafin a mayar madafa a zuba mata romon rago.

A Beijing, musamman a lokacin hunturu, iyalai kan kewaye tukunyar tagulla mai tafasa a tsakiyar tebur, kowa na tsoma siraran yankan naman rago da kansa. Gidan Donglaishun, wanda wani Musulmi ya kafa a shekara ta 1903, ya yi suna a kan wannan. Unguwar Niujie, inda tsohon masallacin birnin yake, cike take da irin waɗannan gidaje.

Abin sha kuwa shayi ne. 'Yan Hui na da wani da ake kira babao cha, wanda ake haɗa ganyen shayi da sukari mai ƙanƙara da busassun 'ya'yan itace, ciki har da wani ja dangin magarya.

Ladabin tebur

Ana zaunar da babba ko baƙo a kujerar da ke fuskantar ƙofa, kuma shi ake jira ya fara ɗaukar tsinkayen cin abinci. Wanda ya ɗauki butar shayi kan zuba wa sauran jama'a kafin ya zuba wa kansa.

A kudancin ƙasar, wanda aka zuba wa shayi kan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a madadin godiya, domin kada ya katse mai magana.

Ba a kafa tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, saboda ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamata. Bayan annobar SARS ta shekara ta 2003 da ta korona ta shekara ta 2020, hukumomi sun ƙarfafa amfani da tsinkaye na musamman wajen ɗiba daga farantin tarayya.

Biyan kuɗi ma yana da nasa tsarin. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, amma sauran kan nuna suna so su riga shi, har ta kai ga ja-in-ja a gaban mai karɓar kuɗi. Wanda aka ciyar a yau ana sa ran zai rama wata rana. Matasa dai kan raba kuɗin a tsakaninsu, kuma galibi ta wayar salula ake biya, da WeChat Pay ko Alipay. Ba a saba ba ma'aikaci tukuici ba.

Da yake a al'adance cika tebur fiye da kima alama ce ta karamci, abinci mai yawa kan tafi a banza. Wannan ne ya sa ƙasar ta kafa dokar hana almubazzaranci da abinci a watan Afrilun shekara ta 2021, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya nemi a ƙunshe masa ragowar ya tafi da ita gida.

Alamar da ke sauyawa

Shekaru da dama baƙo Musulmi kan gane gidan halal ne da rubutun Larabci a allonsa, ko hoton jinjirin wata da ƙubbar masallaci. Wannan ya ragu matuƙa.

A shekara ta 2016 shugaba Xi Jinping ya jaddada manufar daidaita addinai da al'adun Sin. A shekarun da suka biyo baya aka riƙa cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a Ningxia da wasu larduna, kuma a watan Yulin shekara ta 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an ba gidajen abincin halal na Beijing irin wannan umurni.

Hukumomin Sin na cewa suna kare 'yancin addini kamar yadda doka ta tanada, kuma manufarsu ita ce hana tsattsauran ra'ayi da tasirin ƙasashen waje. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa na kallon matakin a matsayin wani ɓangare na takura wa Musulmi, wadda ta fi tsanani a Xinjiang.

Gidajen na ci gaba da dafa halal, amma haruffan nan biyu na qingzhen su ne alamar da ta rage a allunan da yawa daga cikinsu.

Abin lura ga matafiya

Batun ya shafi 'yan kasuwar Afirka ta Yamma kai tsaye. Birnin Guangzhou, inda ake gudanar da baje kolin Canton sau biyu a shekara tun daga 1957, da birnin Yiwu na lardin Zhejiang, su ne manyan wuraren saro kaya. Unguwar Xiaobei ta Guangzhou ta yi suna wajen baƙi 'yan Afirka da gidajen abincin Musulmi, kuma a birnin ne masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar.

A gidajen da ba na halal ba, rashin ganin nama a faranti ba ya wadatarwa. Ana iya soya ganye da kitsen alade, ana iya yin romo da ƙashinsa, kuma giyar shinkafa na cikin kayan girki na yau da kullum. Haka lamarin yake a gidajen shayi na Guangzhou da Hong Kong, inda iyalai ke taruwa da hantsi suna cin ƙananan lomomin da ake kira dim sum, waɗanda da yawansu da naman alade ake cusa su.

Har ila yau, wasu gidajen da ke ɗauke da alamar qingzhen na sayar da barasa ga abokan cinikinsu da ba Musulmi ba, yayin da wasu kan manna sanarwa a bango cewa ba a shiga da barasa ko abincin waje. Wanda abin ya dama kan duba bango da firiji kafin ya zauna.

Su kansu masu gidajen kan amsa sallama, kuma sau da yawa su ne ke nuna wa baƙo hanyar masallaci mafi kusa a ranar Juma'a.