Elmina: Garin Masunta da Bikin Bakatuwe

Duk wanda ya nazarci tarihin Elmina, garin da ke bakin teku a kudancin ƙasar Gana, yakan fara ne da katafaren sansanin dutsen da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan suka miƙa wa Ingila a 1872, kuma ta nan aka fitar da zinariya da ɗimbin bayi. Sai dai fa rayuwar garin, wanda 'yan ƙasa ke kira Edina, ta dogara ne a kan tafkin Benya mai haɗe da teku.

A bakin wannan tafki ake girke kwalekwalen su, a gefensa kuma ake samar da gishiri. Maza ke fita teku, mata su sayi kifin, su yi bandarsa, su kai kasuwannin cikin ƙasa. Ranar Talata ba a fita su, sai a zauna gyaran koma.

Wannan tsari ya tsallake babbar masifa. Sa'ad da Sarki Kobina Gyan ya ƙi mulkin Ingila saboda ƙawancensa da Asante, sai aka kai shi gudun hijira Saliyo. Ran 13 ga Yunin 1873 Ingilishi suka ragargaza tsohon garin da igwa, kuma cikin mayaƙansu har da dakarun Hausawa da aka kawo daga Ikko. Ba a sāke gina wurin ba. Mutane suka koma ƙetaren tafkin, suka ci gaba da sana'arsu.

Bikin Bakatuwe, wato buɗe tafki, shi ne ginshiƙin tsarin. Akan hana su a Benya na wasu makonni, tare da hana kiɗa. Ran Talatar farko ta watan Yuli sarki da fadawansa su fito, a yi wasan kwalekwale, bokan tafkin ya jefa birgi sau uku, a kai wa sarki abin da aka kama. Daga nan an buɗe su, daidai lokacin da ƙananan kifaye ke yawaita a teku.

Ke nan, bayan bauta da shagali, bikin doka ce ta hutar da ruwa. Da kifi ya ragu, gwamnatin Gana ta rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda a 2019, hikimar da mutanen Edina suka daɗe da sani.