3.2 Matatar Mai ta Kaduna da Sashen Farfasa Ɗanyen Mai

Kamar yadda aka bayyana a babin da ya gabata, an gano ɗanyen mai a Oloibiri a shekarar 1956, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Matatar farko ita ce ta Fatakwal (1965), sai ta Warri (1978). Arewa ba ta samu tata ba sai a 1980, lokacin da aka buɗe matatar Kaduna wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina. Da farko tana iya tace ganga 100,000 a kullum, daga baya aka ƙara ta kai 110,000.

A nan ya kamata a bambance tacewa da farfasawa. Idan aka zafafa ɗanyen mai a dogon hasumiya, yakan rabu gwargwadon nauyinsa: iskar gas da fetur a sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai nauyi a ƙasa. To amma fetur ɗin da ake samu ta haka bai isa buƙata ba. Shi ya sa ake ɗaukar mai nauyin, wanda ƙwayoyin haidirokabon ɗinsa dogaye ne, a haɗa shi da garin katalis mai zafi a wajen digiri 500 na ma'aunin Salshiyas, sai ƙwayoyin su kakkarye su koma gajeru. Baƙin da ya manne wa garin sai a ƙone shi a wata tukunyar, garin ya dawo da zafinsa ya ci gaba da aiki. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. William Burton ya yi rajistar farfasawa da zafi zalla a Amurka a 1913, Bafaranshe Eugene Houdry ya kawo amfani da katalis, sannan aka fara irin na gari a Baton Rouge a 1942. Irin wannan na ƙarshe ne aka girka a Kaduna.

Abin lura shi ne Kaduna ba ta da rijiyar mai ko ɗaya. A lokacin da matatar ke aiki, ɗanyen man yana tasowa ne daga Escravos, ya bi ta Warri a cikin bututu na ɗaruruwan kilomita. Wani ɓangaren matatar ma an tsara shi ne don mai nauyi da a da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya, domin samar da man giris da kakin kyandir da kwalta. A ganin mai wannan bincike, an yi daidai da aka kusanto da matata ga masu saye, sai dai an rataya rayuwarta ga bututu guda. Ranar da aka fasa shi a kudu, ranar aiki ya tsaya a Kaduna.

A da, daga matatar, wani bututun yana kai tataccen mai daffon Hotoro a Kano, daga nan tankoki su rarraba shi zuwa garuruwa irin su Wudil da Gaya. Mutumin Kademi ko na Ajingi bai san sashen farfasawa ba, amma ya san kuɗin motar zuwa kasuwa, da man injin ban-ruwa, da kwalbar kananzir ta fitilar ƙwai da aci-bal-bal. Duk lokacin da mai ya yanke, kamar a yajin aikin ma'aikatan mai na 1994, sai gidajen mai su bushe, 'yan bumburutu su cika bakin titi da galan-galan, kuma na ƙauye ne ke biyan farashi mafi tsada saboda shi ne a ƙarshen layi.

Rashin gyara a kan kari ya durƙusar da matatar har ta daina aiki na shekaru. A 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaranta. A wannan shekarar ce aka cire tallafin fetur, aka kuma ƙaddamar da matatar Dangote a Legas mai ganga 650,000 a kullum, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024.