Karl Rojas da Tarihin Warkarwa da Sauraro

Kowa ya san cutar jiki. In ƙafa ta karye akan kira maɗori, in zazzaɓi ya kama mutum akan tafi asibiti. Amma akwai wata cuta wadda ba ta kumbura, ba ta fid da jini, ga ta kuwa tana hana barci, tana raba miji da mata. Ita ce damuwar zuciya. Wannan labarin wani malami ne na ƙasar Amurka, Karl Rojas, wanda ya sake hanyar da ake bi wajen taimakon masu wannan cuta.

A farkon ƙarni na ashirin masana ilmin halin ɗan Adam sun kasu kashi biyu manya. Kashi na farko su ne almajiran Sigmon Furoid, wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Su a ganinsu damuwa tana tasowa ne daga abubuwan da suka ɓuya cikin zuciya tun ana yaro, likita kuwa shi zai tono su, ya fassara wa mai cutar. Kashi na biyu suka ce a bar zancen abin da ke ɓoye, a duba abin da mutum ke aikatawa kurum, gama hali horo ne, kamar yadda akan hori ɓera ko tantabara da lada ko da wuya. Ko da ya ke sun saɓa, duka biyun sun haɗu a kan abu guda, watau malami shi ne masani, mai cuta kuwa nasa bi ne.

An haifi Rojas ran 8 ga Janairu, 1902, a wani gari kusa da birnin Shikago. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Iyayensa masu tsananin riƙon addinin Kirista ne, ba su yarda da wasa da yawan cuɗanya da maƙwabta ba. Yana da shekara 12 suka koma gona. Da ya shiga jami'ar Wiskonsin aikin gona ya fara koyo, daga baya ya yi niyyar zama limamin Kirista. Cikin 1922 aka aike shi taron ɗalibai a ƙasar Sin, ya yi wajen wata shida a tafiyar. Can ya ga mutanen kirki waɗanda ra'ayinsu ya saɓa da na gidansu, ya komo da tunani iri dabam. Kwanci tashi ya bar karatun limanci, ya kama ilmin halin ɗan Adam a birnin Niyok.

Cikin 1928 ya sami aiki a garin Rocasta, a wani ofishi mai kula da yaran da aka wulakanta da waɗanda suka gagari iyayensu. Shekara 12 ya yi a can, a nan ne kuwa abin da ya juya tunaninsa ya faru, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari. Wata mace ce ta riƙa zuwa a kan ɗanta wanda ya kangare. Rojas ya bincika, ya gane cewa tun yaron yana ƙarami uwar ba ta ja shi a jiki ba. Ya yi ta ƙoƙarin nuna mata haka cikin lalama, mako bayan mako, amma ina! Ko kusa ba ta gane ba. Daga ƙarshe ya ce mata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, gara su haƙura. Ta yarda, ta tashi. Ta kai bakin ƙofa ke nan sai ta juyo, ta tambaye shi ko yakan saurari manya su ma. Ya ce yakan yi. Sai ta komo ta zauna, ta shiga zayyana masa baƙin cikin aurenta da yadda take ganin ta kāsa a zaman duniya. Shi dai ya kasa kunne. Ashe nan gizo ke saƙar. Da tafiya ta yi tafiya, zamanta da mijinta ya gyaru, yaron ma ya natsu.

Daga nan Rojas ya fahimci abin da Hausawa suka daɗe suna faɗi, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Mai damuwa shi ya san inda ke masa ciwo, shi ya san kuma maganar da ta kamata a fara da ita, in dai ya sami mai sauraronsa.

Cikin 1940 Jami'ar Jihar Ohayo ta ɗauke shi malami. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara ya yi jawabi a jami'ar Minisota, ya bayyana sabuwar hanyar, aka yi ta gardama a kai. Don kada a ce zance ne na fatar baki, sai ya yi abin da likitoci ba su saba yi ba. Da yardar masu zuwa wurinsa ya riƙa ɗaukar hirarsu a faifan garmaho, shi da almajiransa su saurara, su ga inda suka yi daidai da inda suka katse mutum. Cikin littafinsa na 1942 ya buga hirar da aka yi da wani mutum sau takwas, kalma bayan kalma, bayan an ɓoye sunansa. Ya kuma daina kiran mai zuwa wurinsa majiyyaci, ya ari sunan da lauyoyi kan kira wanda ya zo neman aikinsu da shi, don a san shi ne mai abin.

Cikin 1957 ya tsara sharuɗɗan da ya ce in sun cika mutum zai sami sauƙi. Uku daga cikinsu suna wuyan mai taimako. Na ɗaya, ya zama cikinsa da wajensa ɗaya, ba fuska biyu. Na biyu, ya karɓi mutumin yadda ya zo, ba tare da sharaɗi ba. Wannan ba ya nufin a yaba mugun aiki, abin nufi kada a raina mai shi. Na uku, ya yi ƙoƙarin ganin duniya da idon mai damuwar, ya kuma maimaita masa abin da ya fahimta don a gyara masa in ya kuskure.

Dalilinsa shi ne, a ganinsa kowane mai rai yana da halin neman girma. Ya ba da misalin dankalin Turawa da suke ajiyewa cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana yaro. Ko cikin duhu sai ya tsiro, tsiron fari fat, siriri, yana miƙewa wajen 'yar tagar da haske ke shigowa. Haka mutum yake, in ji shi, kome lalacewar wurin da ya tashi.

Ba shi kaɗai ke da irin wannan ra'ayi ba. Akwai Ibrahim Maslo, wanda cikin 1943 ya jera bukatun ɗan Adam hawa hawa, daga ci da sha, zuwa zaman lafiya, da ƙauna, da mutunci, har zuwa cikar mutum ga abin da zai iya zama. Su da abokansu aka kira su rundunar uku, suka kafa mujallarsu cikin 1961.

Amma fa hanyar tana da iyaka. Daga 1957 Rojas ya gwada ta a kan masu tsananin taɓin hankali a wani asibitin gwamnati a Wiskonsin. Da aka buga sakamakon cikin 1967, sai aka ga a jimlace ba su fi waɗanda ba a yi wa ba da wani abin kirki, ko da ya ke waɗanda aka fi fahimta sun fi samun sauƙi. Waɗansu kuma suka soke shi da cewa ya cika kyautata wa ɗan Adam zato.

Da tsufa ya zo ya mai da hankalinsa ga sulhu. Ya je Afirka ta Kudu cikin 1982 da 1986, zamanin mulkin wariyar launin fata, ya zaunar da baƙaƙe da farare wuri ɗaya don kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Ya rasu ran 4 ga Fabrairu, 1987, yana da shekara 85.

Yau likitoci sun san cuta mai tsanani tana bukatar magani na asibiti, sauraro kaɗai ba ya isa. Duk da haka da wuya a sami makarantar koyon ba da shawara wadda ba ta koyar da sharuɗɗan nan uku. To, mai karatu, in wani ya kawo maka kukansa, kada ka yi gaggawar yanke masa hukunci ko jera masa nasiha. Tuna da matar nan ta Rocasta, wadda sai da malami ya gaji da koya mata sa'an nan ta faɗi abin da ya kawo ta.